Jirgin Koyo Da Aka Tura Fagen Fama

Mutumin Sauka Kahuta a Minna, in ya ji rugugin jirgin soja a sama, da wuya ya tuna cewa a jiharsa, can Kainji, aka girke jiragen Alpha Jet shekara da shekaru.

Asalin jirgin nan na koyon tuƙi ne. Faransa ce ta nemi magajin tsohon jirginta Fouga Magister, mai wutsiya a rabe biyu, wanda ya fara tashi a 1952. Sai ta haɗa kai da Jamus ta Yamma, kamfanonin Dassault da Dornier suka ƙera Alpha Jet, ya tashi a 1973. Kujerunsa biyu, ɗalibi a gaba, malami a baya.

Nijeriya ta sayi 24 a shekarun 1980, amma ba a bar su wajen koyarwa kaɗai ba. A 1990 aka kai su Laberiya ƙarƙashin ECOMOG, daga nan Saliyo, sa'an nan yaƙin Boko Haram. Nauyi ne babba ga jirgin makaranta, balle wanda ya tsufa. A Maris 2021 ɗaya ya ɓace a Borno da matuƙansa biyu. A Yulin shekarar 'yan bindiga suka harbo wani a Zamfara, matuƙin ya diro da laima, ya tsira da ƙyar.