Ruwa Ba Ya Tsami Banza

'Yan'uwa ɗalibai, kullum kukanmu game da ruwa ɗaya ne, wato famfo ya ƙafe. Amma wa ya taɓa tambayar abin da ke kwance cikin tankunan da ke bisa ɗakunan kwananmu?

A shekarar 1976 tsofaffin sojojin Amurka suka yi taro a wani otal a birnin Filadelfiya. Bayan an watse, ciwon huhu mai tsanani ya kama mutum 221, daga cikinsu 34 suka riga mu gidan gaskiya. Sai a Janairun 1977 masana suka gano ƙwayar cutar, wadda aka raɗa wa suna Lijiyonela.

Asalinta mazauniyar koguna da tafkuna ce, inda ba ta cika ɓarna ba saboda ƙarancinta. Ɗan Adam ne ya gina mata gida: tanki, da bututu mai tsatsa, da na'urorin sanyaya manyan gine-gine masu aiki da ruwa. Tana hayayyafa a kwantaccen ruwa mai ɗumin digiri 20 zuwa 45, kuma cikin feshin ruwa ake shaƙarta zuwa huhu, kamar wajen wanka da shawa.

To, ina ga tankin da ke shan rana, aka kuma bar shi ba motsi tsawon dogon hutu?

A ganina, wajibi ne ƙungiyarmu ta nemi hukuma ta wanke tankuna, ta zuba kulorin, a kuma saki famfuna su zubar da tsohon ruwa kafin mu dawo. Kada mu jira sai an kwantar da ɗayanmu a asibiti sannan mu ɗauki kwalaye.