A Saurari Kowa Shi Kaɗai Kafin Zaman Sulhu

Al'adar da ta yawaita daga Birnin Kebbi har Argungu ita ce, in aure ya yi tsami, a tara miji da mata a zaure gaban surukai. Kunya ta kame bakin kowa, a ce a yi haƙuri, a watse, cuta tana nan. Ba a jima ba sai saki.

Aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta yi umurni da masu sulhu biyu, ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata, malaman tafsiri kuwa suka ce kowanne ya keɓe da nasa ya ji cikinsa. Falken da bashi ya hana shi barci ba zai faɗa a taro ba. To, namiji ya nufi amintaccen malami, mace ta nufi malama, yadda Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru domin mata su karantar da mata. In ƙuncin zuciya ya tsananta, a ga likita, neman magani halas ne.

Sharaɗi ɗaya, riƙon asiri. Wanda ya kai zancen kasuwa ya ci amana. Allah ya kiyaye, amin.