Agogon Kaka Ba Kayan Gwangwan Ba Ne

A wajenmu in aka ce gwanjo, kayan araha ake nufi. A Janeba da New York kuwa, gwanjo wuri ne da masu kuɗi ke kokawa kan tsofaffin agogunan hannu. A watan Oktoba na 2017, gidan gwanjon Phillips ya sayar da Rolex Daytona na ɗan fim Paul Newman kan dalar Amurka miliyan 17.8. Kusan miliyar 10 na sefa ke nan, wallahi, kuma agogon ƙarfe ne, ko zinariya babu.

To me suka saya? Labari. Matarsa ce ta ba shi, ta sa aka rubuta a bayan agogon cewa ya yi tuƙi a hankali. An san hannun da ya ɗaura shi, an san inda ya bi.

Ni ma kakana yana da agogo. Ɗan kasuwar gyaɗa ne a Gazawa, ya sayo shi a Makka da ya je aikin hajji. Da shi ake duba lokacin buɗa baki a gidanmu. Bayan rasuwarsa wani mai yawon sayen tsofaffin kaya ya zo, aka ba shi a jikka biyu, aka sayi gero. Ban ga laifin kowa ba, damina ce ta yi gardama. Ba na cewa miliyoyi muka yi asara, wataƙila Seiko ne irin na kowane alhaji. Abin da ke cin raina shi ne ko sunansa ba wanda ya riƙe, ko hoto babu.

Kada ku ce wannan hirar ƴan gayu ce. A watan Yuli na 2025, Sotheby's ta sayar da wani dutsen duniyar Mars da aka tsinta a jihar Agadas kan sama da dala miliyan 5. Sai da aka buga guduma sannan gwamnatinmu ta buɗe bincike kan yadda ya bar ƙasar. Ko dutse ne ko agogo, haka abin yake tafiya: mu da abu, wani da takarda, riba ta bi takarda.

Don haka ƴan'uwa, in kun je gida hutu, Agiye ne ko Gazawa ko Gidan Rumji, ku roƙi izinin buɗe adakar tsoho. Ku ɗauki hoton agogon gaba da baya, ku rubuta sunansa da lambarsa. Ku tambayi kaka wa ya saya, a ina, da kuɗin wace kaka. Kada a goge shi ko a canja masa fuska, masu tarawa sun fi son sa yadda yake.

In talauci ya tilasta a sayar, a sayar da sani. In bai tilasta ba, a bar wa jikoki. Ku turo mana hotunan abin da kuka tarar.