Shirye-shiryen Kiɗan Ƙarshen Mako Na Ɓacewa A Ingila, Mu Kuwa Ko Awa Ɗaya Ba Mu Nema Ba

Rediyon gari a Ingila fuska biyu gare shi. Daga Litinin zuwa Juma'a labarai ne, da cunkoson motoci, da hasashen yanayi, da wasu 'yan waƙoƙi da ake ta juyawa har ka haddace su ba da sonka ba. Amma da zarar Asabar da Lahadi sun zo, musamman daga la'asar zuwa dare, sai a miƙa makirufo ga wasu mutane daban. Dattijo ɗan asalin Jamaika ya shigo da fayafayensa na rege, wata baiwar Allah ta zo da waƙoƙin finafinan Indiya na da, wani kuma ba abin da ya sani sai kiɗan ƙauyukan Ailan. Kowa da fanninsa, kowa da awarsa ɗaya ko biyu. A ganina waɗannan shirye-shirye sun fi komai daraja a rediyon gari, kuma su ake fara yankewa duk lokacin da aka ce kuɗi ya yi kaɗan. Abin da ya fi damuna shi ne, ana ta rage su, mu Hausawa mazauna nan ba mu ma tashi mun nemi namu kason ba.

Bari mu fara da abin da irin wannan shiri ya taɓa haifarwa, don kada a ɗauka hira ce kawai ta masu kewar da. Wani mai gabatarwa, Charlie Gillett, ya riƙa yin shiri mai suna Honky Tonk duk ranar Lahadi a gidan rediyon BBC na Landan daga 1972 zuwa 1978. A 1977 wasu samari da ba wanda ya san su suka kai masa kaset ɗin gwaji, ya saurara, ya ji ya yi masa, ya sa a shirinsa. Samarin nan su ne Dire Straits, kuma ba a daɗe ba kamfanonin faifai suka fara nemansu. Daga baya mutumin nan ya karkata ga kiɗan sauran ƙasashen duniya, yana cikin waɗanda suka fara jiyar da Turawan Ingila muryar Youssou N'Dour na Senegal da Salif Keita na Mali. Ya rasu a 2010. Ba kwamiti ne ya zaɓi waƙoƙin nan ba, mutum ɗaya ne mai kunne, aka ba shi fili aka bar shi.

Ga wani misalin da ya fi kusa da mu baƙi. Gidan rediyon BBC na Leicester, wanda shi ne na farko cikin gidajen rediyon gari na BBC tun 1967, ya ware wa 'yan asalin Indiya da Pakistan da Bangaladash ɗan lokaci a shekarun 1970. Daga wannan ɗan fili aka yi ta faɗaɗawa har ya zama tashar Asian Network, wadda tun 2002 ake kama ta a duk faɗin ƙasar. Da ma an ce sannu ba ta hana zuwa.

To, ina aka kwana yanzu? A ƙarshen Oktoban 2022 BBC ta sanar cewa gidajen rediyonta na gari 39 da ke Ingila za su riƙe nasu shirye-shiryen ne daga ƙarfe shida na safe zuwa biyu na rana a ranakun aiki. Bayan nan, da mafi yawan Asabar da Lahadi, sai a haɗa garuruwa da dama su saurari shiri guda, in ban da wasanni da ake kawowa kai tsaye. Hujjarsu ita ce mutane sun koma intanet, ga shi gwamnati ta tsayar da kuɗin lasisin talabijin a kan fam 159 har tsawon shekara biyu. Ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ ta yi yajin aiki a kan haka a watan Maris na 2023, amma aka zartar da sauyin. Gidajen rediyon 'yan kasuwa kuwa sun riga su a wannan hanya. David Rodigan, wanda ya shafe shekara 22 yana shirin rege a Kiss FM, ya ajiye aiki a 2012 bayan an tura shirinsa can tsakar dare, ya ce an mayar da rege saniyar ware.

Na san abin da wani zai ce: ai komai na cikin waya yanzu, me za a yi da rediyo? Gaskiya ne, akwai waƙoƙin Shata a YouTube fiye da waɗanda kowane gidan rediyo zai iya sawa a shekara. Amma tara abu daban, sanin abu daban. Manhajar waya tana kawo maka irin abin da ka riga ka saurara ne. Ka ji Hamisu Breaker sau biyar, gobe ta jero maka goma masu kama da shi. Ba za ta tsaya ta ce maka, wannan kiɗan da za ka ji yanzu kotso ne, Narambaɗa ne yake wa Sarkin Gobir na Isa, kuma ga abin da yake nufi da wannan habaicin ba. Ba za ta gaya wa ɗanka cewa ƙaramin abin da Ɗanmaraya Jos ke kaɗawa kuntigi ne, na Haruna Uji gurmi ne, ƙwaryar da Barmani Coge ke bugawa kuma kiɗan amada ne na mata a cikin gida ba. Balle ta bambance masa Jankiɗi mai taushin Sarkin Musulmi da Ɗan'anace mai zuga 'yan dambe. Wannan aikin mutum ne, mutumin da ya sani kuma yake son ka sani.

Akwai kuma abin da waya ta raba mu da shi, wato saurare tare. Wanda ya tashi da zaɓi-sonka a Rediyon Kaduna ko Muryar Sahel ta Yamai ya san abin da nake nufi. Daɗin ba a waƙar kaɗai yake ba. A jin cewa a daidai wannan lokacin direba a tasha na ji, mai shayi na ji, kakarka a ƙauye na ji, ga kuma sunan maƙwabcinku an karanto yana gaida amaryarsa. A nan Turai kowa ya toshe kunne da nasa, miji na ɗaki, mata na kicin, yara na sama. Awa ɗaya da gida zai taru a kanta ba ƙaramin abu ba ne.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma aikina ya sa na ɗauki wannan magana da nauyi. Duk wanda ya yi duti a ɗakin tsofaffi masu ciwon mantuwa ya ga abin da waƙa ke yi. Tsohuwar da ba ta gane 'yarta ba da safe, da yamma a sa waƙar zamanin ƙuruciyarta, sai ka ji tana bi baiti-baiti, jikinta ya saki, har ta karɓi abincin da ta ƙi ɗazu. Ba magani ba ne, ciwon na nan, amma sauƙi ne na gaske. Shi ya sa asibitoci da yawa a ƙasar nan ke da ɗan gidan rediyonsu na 'yan sa-kai masu bi gado-gado suna tambayar majinyata waƙar da suke so. Shi ya sa kuma Sally Magnusson ta kafa ƙungiyar Playlist for Life a 2013, don a riƙa haɗa wa mai wannan ciwo waƙoƙin rayuwarsa. Wani abin da ma'aikatan jinya suka sani shi ne, wanda ya koyi Turanci da girmansa, idan ciwon ya yi nisa, sau da yawa Turancin ke fara zubewa, ya koma harshen da uwarsa ta yi masa magana da shi. Iyayenmu da suka zo karatu ko aiki a shekarun 1970 da 1980 yau sun manyanta. Ranar da ɗayansu ya kwanta a gidan kula da tsofaffi a Manchester ko Birmingham, ya koma Hausa zalla, me za a kunna masa? Wa zai san ko mutumin Ɗanƙwairo ne ko na Shata?

Wasu 'yan'uwa kuma za su ce su fa ba sa jin kiɗa saboda addini. Wannan matsayi ne da malamai suka daɗe suna tattaunawa a kai, kuma ba ni da ta cewa ga wanda ya zaɓi ya kiyaye. Sai dai taskar Hausa ta fi kalangu faɗi. Muna da rubutattun waƙoƙi da ake rerawa ba kiɗa: Imfiraji ta Aliyu Namangi, da na Sa'adu Zungur, da Mu'azu Haɗeja, da Aƙilu Aliyu. Shiri mai hankali zai iya raba awarsa, ko ya ware mako guda a wata don irin waɗannan. Yaron da aka haifa a Leeds, wanda Hausarsa ba ta wuce "ina kwana" ba, zai ƙaru da su fiye da yadda zai ƙaru da faɗan da muke masa a kan ya daina amsa mana da Turanci.

Abin farin cikin shi ne, ƙofar da BBC ke turawa ba ita kaɗai ba ce. Tun dokar 2004 hukumar Ofcom ke ba da lasisin rediyon al'umma, kuma yau akwai irin waɗannan tashoshi sama da 300 a Birtaniya. Ba don riba ake kafa su ba, 'yan sa-kai ke tafiyar da su, kuma cikin sharuɗɗansu har da buɗe ƙofa ga mutanen yankin da koya musu aikin. Akwai ALL FM a Manchester, akwai Ujima a Bristol, akwai Kemet FM a Nottingham, akwai Resonance FM a Landan. Tashar ce ke biyan kuɗin haƙƙin waƙoƙi ga hukumomin da ke karɓa, ba mai gabatarwa ba. Mu da muke sauraron rediyon Ramadan duk shekara, wanda ake ba lasisin 'yan makonni, ai mun ga yadda 'yan'uwanmu 'yan Pakistan ke yi. Ba sihiri suka yi ba. Sun je ne sun tambaya.

Abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba. Mutum huɗu da za su riƙa karɓa-karɓa, don mu duka masu duti ne, ba wanda zai iya kowace Lahadi. Cikinsu a sami dattijo ko dattijuwa da ta san waƙoƙin da tarihinsu, a sami matashi da ya iya na'ura kuma zai riƙa taƙaita bayani da Turanci saboda yaranmu da maƙwabta. A rubuta takarda shafi ɗaya: ga sunan shirin, ga waɗanda za su saurara, ga abin da za a sa a makonni huɗun farko. A kai wa manajan tashar. Ko ƙarfe goma na dare aka ba mu, mu karɓa. Yawancin tashoshin nan ana kama su ta intanet, don haka na gida ma za su ji. Lokacin zafi a nan agogonmu ɗaya ne da na Kano da Maraɗi, lokacin sanyi kuma ya yi daidai da na Kumasi da Accra, Najeriya da Nijar su wuce mu da awa ɗaya. Uwa a Zinder za ta iya turo gaisuwa ta WhatsApp a karanta wa ɗanta da ke tuƙa bas a Landan.

Amma fa sai mun kiyaye abu biyu. Na farko, kada awar ta zama dandalin tallan 'yan siyasar gida. Da zarar an fara sa waƙar wannan gwamna ana zagin wancan, rabin masu sauraro sun tafi, tashar ma za ta karɓe filinta, don dokokin watsa labarai a nan ba sa wasa da wannan. Na biyu, kada ta zama ta gari ɗaya ko ƙasa ɗaya. A sa Ɗan Gurmu da Mamman Barka na Nijar kamar yadda za a sa Shata. A nemi na zango a Ghana da na Kamaru. A sa Aminu Ala da Ali Jita kusa da na da, yaro ya ji inda zaren ya taso.

Ku kuma na gida, akwai naku aikin. Shata ya rasu a 1999, Barmani Coge a 2013, Ɗanmaraya a 2015. Waɗanda suka zauna da su, suka san wa aka yi wa wace waƙa da dalilinta, su ma tafiya suke yi ɗaya bayan ɗaya. Kaset ɗin da ke cikin akwatin Baba ba zai dawwama ba, zafi da ƙura na cin sa. A fito da shi a juye a kwamfuta, a rubuta sunan mawaƙin da wanda aka yi wa, da shekarar in an tuna. Sannan in gidan rediyon garinku na da shirin kiɗan gargajiya ranar Asabar ko Lahadi, ku riƙa kira, ku riƙa aika saƙo. Masu gidan rediyo, a can da nan, shiru suke fassarawa da cewa ba mai ji, sai su sayar da filin ga wanda ya zo da kuɗi.

Muna da ƙungiyoyi a kusan kowane babban gari na ƙasar nan. Muna tara kuɗi don walimar salla, muna kama zaure, muna ɗinka anko. A taro na gaba, bayan an gama maganar kuɗin wata da shinkafar walima, wani ya ɗaga hannu ya tambaya: wa zai je gidan rediyon unguwa ranar Litinin? Allah Ya sa mu dace.