Wardi Mai Hawa: Tun Yana Ɗanye Ake Tanƙwara Shi

Jama'a, mutanenmu masu zuwa Alƙahira karatu ko fatauci sukan dawo da labarin furen wardi da suka gani a Dokki, watau unguwar nan ta yammacin Kogin Nilu. A gefenta ne Lambun Orman yake, wanda Khediwi Isma'ila ya kafa a 1875, aka keɓe wa wardi wuri guda a ciki. Tun 1920 aka fara nunin furanni a can. Waɗansunmu sun yi sha'awa, sun sa kuɗi sun sayi dashe, amma ko fure ɗaya ba su gani ba. To, ga abin da ya kamata mu sani.

Wardi mai hawa iri-iri ne. Akwai wani da ake kira Zéphirine Drouhin, wanda aka fitar a Faransa a 1868. Danginsa sun samu ne daga barbarar wardin Sin da na Dimashƙa, shi ya sa ya haɗa ƙanshi da yawan fure. Furensa ruwan hoda ne mai haske, ba shi da ƙaya, yakan kai ƙafa 10 ko fiye, kuma yana jimre wa 'yar inuwa.

Amma fa wardi ba kabewa ba ne, ba shi da hannun kama danga. Sai an ɗaure shi. In aka bar reshe ya miƙe sama, a ƙarshensa kaɗai zai yi fure. In kuwa aka kwantar da shi a gicciye, aka ɗaure jikin rumfa tun yana da taushi, sai kowane ido ya tsiro da ƙaramin reshe mai fure. Wanda ya jira har reshe ya ƙosa, karya shi zai yi.

Sa'an nan sai haƙuri. Shekara biyu na fari kada a sare manyan rassa, busassu kaɗai za a cire. Mai gaggawa da wuƙa shi ke hana kansa fure.

Abu guda kuma: Masar ƙasa ce mai ƙarancin ruwan sama, Kumasi da Akkara kuwa laima ta yi yawa, ita ce ke kawo baƙin tabo a ganye. Saboda haka a dasa inda iska ke ratsawa, a sa ruɓaɓɓen taki, a zuba ruwa a gindi da safe, kada a jiƙa ganye. Ganyen da ya kamu a tsinke a ƙone.

Dattawa, irin wannan magana muke yi kullum a kan yaranmu, ga shi itace ma ya shaida. Allah ya ba mu haƙurin reno, amin.