ZANCEN AKAWU: INA ZA MU KAI YARO YA KOYI ILMIN ZAMAN JAMA'A BA TARE DA MUN SAYAR DA GIDA BA?



Lokacin cika takardun neman makaranta ya zo, kuma tambaya guda ta yawaita a wurin iyaye, watau: yaro ko yarinya sun gama sakandare, sun ce su ilmin zaman jama'a su ke so, wanda Turawa ke kira soshiyoloji. To, wace kwaleji ce mai kyau a nan kewayen Washington, wadda kuma talaka zai iya biya? Waɗansu iyayen ma su kan ƙara da cewa, shi wannan ilmi me a ke ci da shi, tun da ba likita ba ne, ba kuwa injiniya ba? Za mu amsa duka biyu gwargwadon abin da aikin ofis ya koya mana na karatun takarda da lissafin kuɗi.

SHI WANNAN ILMI BAƘO NE?

Ba baƙo ba ne gare mu. Tun shekarar 1377 Shehun malami Ibn Haldun ya rubuta Muƙaddima, inda ya bincika yadda al'umma ke haɗuwa, ta yi ƙarfi, ta lalace. Abin da Turawa su ka ƙara shi ne ƙidaya da awo: mutum nawa ne, me su ke ci, wa ke auren wa, wa ke ba wa masauki, don me wannan unguwa ta ci gaba waccan ta tsaya.

Mu kuwa mutanen Zango an daɗe a na auna mu da wannan ma'auni. Abner Cohen ya zauna cikin Hausawan Sabo a Ibadan, ya fitar da littafi a 1969 a kan fataucin goro da shanu da sha'anin masu gida. Enid Schildkrout ta rubuta na Zangon Kumasi a 1978. Deborah Pellow ta rubuta na Sabon Zango na Ankara a 2002. Sun yi ƙoƙari, Allah Ya sani. Amma ku duba, duk cikinsu ba wanda a ka yanke wa cibiya a Zango. Kakanninmu su ka ba su kujera da labari, su kuwa su ka tafi da digiri.

Kada kuma mu manta, Dokta Busia farfesan wannan ilmi ne a Legon kafin ya zama Firayim Ministan Gana. A zamaninsa ne, cikin watan Nuwamba 1969, a ka kafa dokar nan da ta ba baƙi mako biyu su nemi takardar zama ko su bar ƙasa. Tsofaffinmu sun san abin da ya sami Zanguna a lokacin, har da waɗanda a nan a ka haife su, a nan a ka haifi iyayensu. Ran da hukuma ta tashi tambayar wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo, al'ummar da ba ta da ɗanta mai iya ƙidaya da rubutu sai ta zuba ido wani ya faɗi ko ita wace ce. Saboda haka yaron da ya ce wannan ilmi ya ke so, kada a yi masa dariya. A dai nema masa hanyar da ba za ta karya gida ba.

MAKARANTUN DA SU KE KEWAYE DA MU

Iri uku ne. Na fari, manyan jami'o'i masu zaman kansu na cikin birnin Washington, kamar Georgetown, wadda a ka kafa a 1789, da George Washington, da American University. A wajen 2024 kuɗin karatu kaɗai a Georgetown da George Washington ya haura dala 60,000 a shekara, ban da ɗaki, ban da abinci, ban da littattafai. Howard ma mai zaman kanta ce, amma kuɗinta wajen rabin wannan ne.

Na biyu, jami'o'in jiha. A Maryland akwai babbar jami'ar College Park, da Bowie State wadda ta samo asali tun 1865, da Morgan State da UMBC can wajen Baltimore. A Virginia akwai George Mason a Fairfax. Dukansu su na ba da digiri a wannan ilmi. A College Park, a shekarar karatu ta 2024, ɗan jiha ya biya kusan dala 12,000, wanda ba ɗan jiha ba kuwa ya biya sama da 40,000. Aji ɗaya, malami ɗaya, allo ɗaya.

Na uku, kwalejojin gunduma na shekara biyu. Montgomery College, wadda a ka buɗe a 1946, ta na da rassa a Rockville da Germantown da Takoma Park. Ta gundumar Prince George's ta na Largo. Ta arewacin Virginia, wadda kowa ke kira NOVA, ta na da rassa a Alexandria da Annandale da Woodbridge da Manassas da sauransu, watau daidai ƙofar gidajen da yawa daga cikinmu. Ɗan gunduma ko ɗan jiha da ya ɗauki cikakken karatu ya kan biya wajen dala 5,000 zuwa 6,000 a shekara.

SHAWARARMU

Digiri na fari a ƙasar nan kiredit 120 ne. Kiredit kuwa shi ne mudun da su ke auna darasi da shi. Kusan rabin farko darussa ne na kowa da kowa: Turanci, lissafi, tarihi, kimiyya, da gabatarwar ilmin da yaro ya zaɓa. To, wannan rabin a yi shi a kwalejin gunduma, yaro na kwana a gida, ya na cin tuwon uwarsa. In ya cika kiredit 60, sai ya ƙaura zuwa jami'ar jiha ya ƙarasa. Takardar digirin da za a miƙa masa sunan jami'ar za ta ɗauka.

Ga lissafin akawu. Shekara biyu a dala 6,000 sun zama 12,000. Shekara biyu a dala 12,000 sun zama 24,000. Jimla 36,000. Wancan kuwa, shekara huɗu a 60,000, ya zama 240,000. Bambancin ya isa kafin alƙalami na sayen gida har da canji.

Ba hanyar ɓoye ba ce, hukuma ce ta share ta. A Virginia akwai yarjejeniya tsakanin kwalejojin shekara biyu da jami'o'in jiha, cewa yaron da ya gama ya kuma kai makin da a ka yanka, ba za a hana shi shiga ba. NOVA da George Mason sun buɗe wani shiri a 2018 mai suna ADVANCE, inda tun ranar farko a ke jera wa yaro darussan da za su bi shi can. College Park ma ta na da irin wannan shiri da Montgomery da Prince George's. Amma fa ga inda a ke tuntuɓe: yaro ya yi ta ɗibar darasi yadda ya ga dama, ran ƙaura a ce masa kiredit goma sha biyar ba su shiga ba. Kuɗi sun tafi, wata shida ya tafi. Maganin wannan shi ne tun zangon karatu na fari ya je wurin malamin shawara, ya ce ga jami'ar da na ke nufi, ga ilmin da na ke so, a rubuta mini darussan da za su karɓa. Ya riƙe takardar nan kamar rasit.

Mun san akwai masu jin kunyar a ce ɗansu na kwalejin gunduma, ɗan wane kuwa na babbar jami'a. Girman kai rawanin tsiya. Nnamdi Azikiwe da ya zo Amurka a 1925, a ƙaramar kwalejin Storer ya fara, can Harpers Ferry, sa'an nan ya zo Howard, sa'an nan ya ƙarasa a Lincoln ta Pennsylvania. Kwame Nkrumah, wanda digirinsa na 1939 a Lincoln na tattalin arziki ne da wannan ilmi na zaman jama'a, har kifi ya sayar a titin Harlem don ya rufa wa kansa asiri. Sannu ba ta hana zuwa.

KUƊIN DA BA A BIYA

Kowane gida, ko mai ganin ya na da hali, ya cika fom ɗin gwamnati da a ke kira FAFSA. Kyauta ne, duk wanda ya ce a biya shi don fom ɗin kansa, a bar shi. Ɗan ƙasa da mai koren kati duk sun cancanta. Ta nan a ke samun gudummawar Pell, wadda a 2024 mafi yawanta ya kai dala 7,395 a shekara, ba kuwa rance ba ce. Ku lura, wannan kaɗai ya kan rufe kuɗin kwalejin gunduma ga gida mai ƙaramin ƙarfi. Maryland kuma ta yi doka a 2018 ta taimaka wa 'yan jiharta da ke shiga kwalejin gunduma da abin da ya kai dala 5,000.

Waɗanda ke zaune cikin birnin Washington kanta, tun da birnin ba jiha ba ne, Majalisar Ƙasa ta kafa musu wani shiri a 1999 mai suna DCTAG. Tun farko an yanka har dala 10,000 a shekara don cike giɓin da ke tsakanin kuɗin ɗan jiha da na baƙo a jami'o'in gwamnati. Su kuma sababbin zuwa Maryland ko Virginia, su sani sai an shekara guda cur a jihar kafin jami'arta ta lissafa mutum ɗan gida. A adana takardar haya, da ta haraji, da lasin tuƙi.

Ba mu ce kada a nemi manyan nan ba. Yaro mai ƙwaƙwalwa ya aika musu, gama Georgetown ta kan cike wa wanda ta ɗauka abin da lissafinta ya nuna gidansu ba zai iya ba. Howard kuwa gidan wannan ilmi ce a wurin baƙar fata: Kelly Miller ya shigar da shi can a 1895, E. Franklin Frazier ya shugabanci sashen daga 1934 zuwa 1959, shi ne kuma baƙin mutum na fari da ya shugabanci ƙungiyar malaman wannan ilmi ta Amurka, a 1948. Amma in wasiƙar taimako ta zo, a karanta ta da tabarau. Su kan jera kyauta da rance a layi ɗaya kamar 'yan uwa. A ɗebe kyauta daga jimlar kuɗi. Abin da ya saura shi ne ainihin farashi, shi za a gwada da na sauran. Rance kuwa da ruwa ya ke tafe, mun kuma san hukuncin riba. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba. Uba ko kawu, kada ka sa hannu a takardar rancen banki don kunyar yaro.

YADDA A KE GANE TA ƘWARAI

Araha kaɗai ba ta isa ba. Tambaya ta fari, wa ya buga wa makarantar hatimin amincewa? Duk waɗanda mu ka ambata a Maryland da Washington hukumar Middle States ce ta amince da su, na Virginia kuwa hukumar makarantun kudu. Ku yi hattara da masu talla cikin jirgin ƙasa da masu bugo waya da dare su na cewa gobe a ke rufe rajista. ITT Tech, wadda ta ke da rassa har a nan Virginia da Maryland, ta rufe ƙofa farat ɗaya a watan Satumba 2016, ta bar dubban ɗalibai da kiredit da makarantu da yawa su ka ƙi karɓa. Gwamnati na da shafi a intanet mai suna College Scorecard, inda za a ga mutum nawa ke gamawa a kowace makaranta, da bashin da su ke fita da shi.

Tambaya ta biyu, su na koyar da ƙididdiga da dabarun bincike sosai? Nan abincin ya ke. Hedkwatar Ofishin Ƙidayar Jama'a na Amurka a Suitland ta ke, cikin gundumar Prince George's. Akwai cibiyar Pew da Urban Institute a cikin birni, da Westat, da ofisoshin gundumomi. Mai iya sarrafa alƙaluma a kwamfuta su ke nema. Yaron da ya gudo wannan ilmi don tsoron lissafi, a gaya masa gaskiya tun yau. Wanda kuma nufinsa ya zama jami'in jin daɗin jama'a mai lasin, ya sani wannan digiri dabam ne, ya tambaya tun da wuri.

Sa'an nan mu na da roƙo ga 'ya'yanmu. A shekarar ƙarshe malamai kan ce ɗalibi ya zaɓi abin da zai bincika. Ku zaɓe mu. Gida nawa mu ke daga Woodbridge zuwa Silver Spring? Yara nawa ke jin Hausa har yanzu? Nawa adashin iyayenmu mata ke juyawa a shekara? Wa ke kula da tsofaffinmu? Za a sake ƙidayar ƙasar nan a 2030, ya kamata ta tarar da namu a cikin masu riƙe alƙalami.

Duk mai wasiƙar makaranta da ta shige masa duhu, ya riƙo ta ran Juma'a, bayan salla mu duba tare. Ya zo da yaron, ya zo kuma da takardar harajin bara. Allah Ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani, Ya tsare mu da bashi, amin.

Haza wasalam, sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.

Naku,
Akawu