Kunya ba ta riƙe rami a rairayi

Duk taron da za a yi kan tsafta a jihar Maradi, magana ɗaya ake maimaitawa: wai mutanen karkara ba su waye ba, da an wayar musu da kai za su daina fita daji. A kan wannan ra'ayi aka gina shirin ATPC da ya shigo Nijar a 2009, wanda Kamal Kar ya fara a Bangladesh. Ana tara mutanen gari, a zaga da su inda ake bahaya, a nuna musu yadda ƙuda ke tashi daga kashi ya sauka a kan tuwo, har kunya ta kama kowa. Daga nan kowane magidanci ya tona salanga da abin hannunsa. Ƙa'idar ita ce kada a ba da ko dala.

Ni dai na ce wannan ƙa'ida zalunci ce, kuma ƙasar Gazawa, Agie da Gidan Rumji shaida ce. Mutane sun tona. An kafa allon shaidar an daina fita daji a bakin gari, an yi biki, baƙi sun ɗauki hoto sun tafi. Sai dai jigawa ce, rairayi ne zalla. Ramin da ba a ɗaure shi da bulo ba, damina ɗaya ta ishe shi ya rufta. Itacen da aka shimfiɗa a baki gara ta cinye, a yankin da manomi ke tattalin kowane gawo a gonarsa. Uwar da ta ga rami ya zurma ba za ta sake barin ɗanta ya tsuguna a kai ba, kuma tana da gaskiya. Wanda ya tona sau biyu ya rasa, da wane baki za a kira shi jahili?

Har yanzu fiye da kashi 60 cikin 100 na ƴan Nijar a fili suke bahaya. Kwalara ta ɓarke a Madarunfa a 2018, ta dawo jihar a 2021. Gidan Rumji kuwa tun 2019 take ɗauke da ƴan gudun hijira daga Zamfara, Sakkwato da Katsina, jama'a ta ƙaru.

Masu shirin suna cewa tallafi na kashe zuciya. To, fanfon burtsatse da allurar rigakafi ai kyauta ake yi, ba wanda ya ce sun kashe zuciyar kowa. Kuɗin da ke tafiya a man mota da alawus ɗin bita a mayar da shi siminti da ƙarfe. A koya wa maginan gari ɗaure rami da zuba murfin siminti, a sauƙaƙa farashi ga gwauraye da marasa ƙarfi. Sauran gidaje su ci bashi a asusun Mata Masu Dubara, da aka fara a nan Maradi tun 1991, su biya bayan kaka. Allon nan kuma kada magajin gari ya yarda a kafa shi sai ramukan sun ga damina biyu.